Neman shawara: shekarun kakana a rajistar ƙidaya ta zamanin Faransawa

Ɗan Birni: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa tarihin gidanmu na unguwar Birni, nan Damagaram. Wani ƙanen babana ya ba ni hoton shafi ɗaya na rajistar ƙidaya ta 1938. Akwai sunan Mamane Issoufou, wanda nake kyautata zaton kakana ne, a gabansa an rubuta 12. Amma kakarmu ta rantse an haife shi shekarar Kakalaba. Wa zan gaskata, takarda ko tsohuwa?

Tsohon mushen lakwal (malamin makaranta): Wa alaikumus salam, ɗana. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914 aka yi ta, ka ga a 1938 kakanka ya kai 24 ko 25. Gaskiya ne mutane kan rage shekarun 'ya'yansu don gudun lanho, wato haraji, da aikin tilas, wanda sai 1946 aka soke shi. To amma ƙato mai gemu ba ya zama ɗan shekara 12 a gaban kumandan da dogaran sarki. Kafin ka zargi tsohuwa, duba saman shafin. Hoton naka ya kama kan layukan kuwa? Waɗannan rajistoci don haraji aka yi su, layi-layi ne: maza masu biya, mata, yara, tsofaffin da aka yafe wa, wani lokaci har dabbobi. Wannan 12 ɗin tana iya zama yawan mutanen gidan, ko ma awaki.

Ɗan Birni: Mushe, wallahi saman ya yanke a hoton. Lambobi kawai nake gani.

Tsohon mushen lakwal: To nan matsalar take. Koma ka ɗauko shafin dukansa, da na gabansa da na bayansa. Kuma ka lura da hannun marubucin. Bafaranshe yana ja wa 1 doguwar ƙafa ta hagu har ta yi kama da 7, ita kuma 7 yana gitta mata sanda a ciki. Nemi wata 1 da wata 2 a shafin da ba ka shakkarsu, ka kwatanta.

Hajiya ta Zango: Ni sunan ne ma ban yarda da shi ba tukuna. Mamane ɗan Issoufou nawa ne a Birni kaɗai? Na biyun sunan uba ne, ba sunan dangi ba. Ƙari kuma, a da uwa ba ta kiran sunan ɗan fari saboda alkunya, sai laƙabi ya bi shi har tsufa, mai rubutu kuma abin da mai gida ko mai unguwa ya faɗa wa tafinta shi yake sawa. Babanmu a gidan baffansa aka riƙe shi, a takarda sunan baffan ne a matsayin uba, har ya rasu haka yake. Ka tambayi kakarku a gidan wa mijinta ya tashi, da wane suna tsaransa ke kiransa, su waye mutanen gidan. In sunaye uku ko huɗu sun dace da na shafin, to gidanku ne.

Mai lura: Ƙidayar ƙasa ta farko a Nijar sai 1977 aka yi ta. Abin da ke hannunka lissafin masu biyan haraji ne, shekarun ciki da ido aka ƙiyasta su. Shi ya sa takardun iyayenmu da yawa ba rana ba wata, shekara kawai ta kusan-kusan. In ka sami hali ka leƙa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Yamai, ka nemi na yankin Zinder.

Hajiya ta Zango: Yamai na nan ba inda za ta je, ɗana. Fara da tsohuwa. Ka kai mata goro gobe da hantsi, ka kunna rikoda a wayarka, kada ka karanta mata sunayen shafin, bari ta lissafo su da kanta.