Ya kuke koya wa yaranku riƙe sirrinsu a intanet?

Salamu alaikum iyaye da malamai. Jiya na karɓi wayata daga hannun yarona ɗan shekara 9, yana wani gem da ake hira a ciki, sai na ga wani da bai sani ba ya tambaye shi sunan makarantarsu da ƙarfe nawa suke tashi, wallahi duk ya faɗa masa har ajinsu. Jikina ya yi sanyi. Da na tambaye shi sai ya ce "Mama ai abokina ne, kullum tare muke bugawa." Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana yadda ya yi.

Uwar 'yan uku: 'Yar'uwa kar ki dake shi don Allah. Ni kuskuren da na yi kenan, na yi wa babbar faɗa na ƙwace wayar, daga ranar ta daina gaya min komai, har wani ya yaudare ta ta tura masa lambobi 6 ɗin da WhatsApp ke aikowa ya kwashe akawun ɗinta, kwana uku tana ɓoyewa saboda tsorona. Yanzu na ce mata duk abin da ya faru ta zo, ba duka ba zagi, kuma tare muka zauna muka sa lambar sirri ta biyu.

Malamin kwamfuta: A ajina nakan nuna musu hoto ɗaya in ce su faɗi abin da suka gano, nan da nan za su karanto bajen makaranta a riga, lambar mota, har lambar gida. Sai su yi tsit. Facebook da TikTok ƙa'idarsu shekara 13 ce, ta samo asali daga wata dokar Amurka ta 1998, amma ina da 'yan shekara 10 da iyayensu ne suka ƙara musu shekaru wajen buɗewa. Mu ma makarantu muna da laifi, ana ɗora hotunan ɗalibai da sakamakonsu ba a tambayi kowa ba.

Wani uba: Gaskiya ne malam. 'Yata ce ta fara min magana, ta ce Baba me ya sa ka sa katin jarrabawata a status, ga cikakken sunana da ranar haihuwata. Na goge a gabanta, tun daga lokacin ba na ɗora hotonta sai na tambaye ta.