Muhawara: ɗan gari ne zai fara amfana da dukiyar taimako a Damagaram, ko baƙo?

Malam Lawali: Assalamu alaikum. Wani attajiri daga cikin ƴan kasuwarmu ya ware dukiya domin aikin alheri, kuma an ba shi shawarar ya buɗe gida inda baƙi da waɗanda aka koro daga Aljeriya da Libiya za su samu masauki na ɗan lokaci, da tafinta, da ajin koyon karatu da sana'a. Ni ban goyi bayan wannan shawara ba. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Duk wanda ya yi rani a garin nan ya san yadda mata da yara suke kwana a layin famfo, ya san abin da ƴan ga-ruwa suke karɓa idan zafi ya tsananta, ya kuma san halin da matasan unguwar Kara-Kara suke ciki na rashin aikin yi. Baƙo raɓa ne, yau yana nan gobe ya wuce, don haka dukiyar da aka zuba a kansa ba ta zama a gari.

Hajiya Mariama: Malam Lawali, maganar ruwa gaskiya ce, amma ina so ka duba unguwar da kake zaune. Zango masaukin fatake da ayarin Abzinawa ne tun asalinsa, a wajen ganuwar Birni, kuma a zamanin Sarki Tanimu cinikin da ya ɗaukaka Damagaram ya bi ta hannun mutanen da suka zo daga Agadas da Kano da Barno har da Tarabulus. Jikokinsu ne yau muke kira ƴan gari. Bari kuma in faɗi abin da na gani da idona. Bara ina jinyar jikata a asibiti aka kawo wata mata daga arewa da yaro a goye, jikinsa kamar wuta, ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci. Ma'aikaciyar tana tambayarta tun yaushe ciwon ya fara da abin da aka ba yaron, ita kuwa sai nuna cikinsa take yi tana kuka. Ni na fita har bakin titi ina neman mai jin Tubanci, sai da na samu wani direba ya zo ya fassara. Da akwai tafinta a wurin, da yaron bai yi wannan jiran ba.

Alhaji Habu: Hajiya ta faɗi gaskiya. Na yi shekaru ina fatauci a Kumasi, kuma babu ɗan Damagaram da ya tsaya da ƙafarsa a can ba tare da maigida ba. Maigida ne yake ba ka ɗaki a zango, ya fassara maka yaren masu gari, ya tsaya maka har a ba ka kaya bashi. Haka ake yi a Sabo ta Ibadan. Bai kamata mu ci moriyar wannan a ƙasashen mutane, sa'an nan mu hana shi a gidanmu ba.

Malam Lawali: Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma maigida yana karɓar la'ada a kan kowane ciniki, saboda haka abin da ka kwatanta kasuwanci ne da yake ciyar da kansa. Gidan da ake magana a kai ba shi da la'ada. Ranar da attajirin ya rasu ko kasuwa ta juya masa baya, wa zai biya tafinta da mai gadi? Mun sha ganin ginin da masu ba da tallafi suka buɗe da biki, bayan shekara uku awaki ne suke kwana a ciki.

Malama Hadiza: Wannan tambayar ita ce zuciyar maganar, kuma wasu sun riga mu cin karo da ita. Andrew Carnegie, wanda shi kansa baƙo ne da ya je Amurka daga Sukotilan yana yaro, ya ba da kuɗin ɗakunan karatu fiye da 2,500 da aka gina tsakanin 1883 da 1929, amma bai ba da su kyauta zalla ba. Sharaɗinsa shi ne gari ya kawo fili, ya kuma ɗauki alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin kowace shekara wajen tafiyar da wurin, kuma ƙofa ta kasance a buɗe ga kowa. Birnin Toronto na Kanada ya samu irin wannan tallafi a 1903, kuma a yau kusan rabin mazauna birnin a wata ƙasa aka haife su. A Shikago ma, gidan Hull House da Jane Addams da Ellen Gates Starr suka buɗe a 1889 a unguwar baƙin Italiya da Girka da Yahudawan gabashin Turai ya haɗa ajin koyon harshe da wurin renon yara, har dukan unguwar ta amfana. A ganina, abin dubawa shi ne yadda za a ɗaure aikin da gari, domin kada ya mutu tare da mai shi.

Malam Musa: Ta fuskar addini, aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa rukuni takwas na mutanen da ake ba zakka, kuma matafiyin da guzurinsa ya yanke yana cikinsu. Malamanmu na Malikiyya sun ce a raba zakka a wurin da ta wajaba, amma wuri suka ambata, ba asalin mai karɓa ba. Wanda ya kwana da yunwa a tashar Damagaram yana cikin mabuƙatan Damagaram. Sannan mu tuna cewa mutum 92 da aka tsinci gawarwakinsu a hamada kusa da iyakar Aljeriya a watan Oktoban 2013, galibinsu mata da yara ne daga yankin Kance. Da yawa daga cikin waɗanda ake dawowa da su yau ƴan uwansu ne, wato namu ne.

Malam Lawali: Malam, Allah ya gafarta, ba ni da ja game da mutanen Kance, kuma labarin Hajiya ya taɓa ni. Zan sassauta bisa sharaɗi biyu. Na farko, kada a rubuta "gidan baƙi" a ƙofa, domin yaron Kara-Kara da yake son koyon walda ko ɗinki ya shiga ba tare da an tambaye shi asalinsa ba. Na biyu, attajirin ya sayi shaguna a Kasuwar Dole ya mayar da su wakafi, kuɗin hayarsu ya riƙa biyan tafintocin Tubanci da Buzanci da Barbarci da Fulatanci. Amma har yanzu, in da ni aka tambaya, kason farko ruwa zan kai shi.

Hajiya Mariama: Na yarda da sharuɗɗan biyu, kuma idan aka zo zaɓen tafintoci, a sa mata a ciki, domin akwai ciwon da mace ba za ta iya faɗa a gaban direban da aka tsinto a bakin titi ba.