Kibod mai arha ya isa wasa, ko sai mai suwic ɗin Cherry?

Dogo: Jama'a, na faɗa kuma zan maimaita: duk wanda ya sayi kibod ɗin makanikal, wato mai suwic daban a ƙarƙashin kowane madanni, mai arha don wasan kwamfuta, kuɗinsa ya zuba a rijiya. In ba suwic ɗin Cherry ne a ciki ba, gara ka ci gaba da lallaɓa mai robar nan har ka tara na kirki.

Auta: Yaya Dogo, ni ne fa na yi tambayar, kuma abin da ke hannuna bai kai na mai Cherry ba. Ke nan in haƙura?

Malam: Kada ka haƙura, Auta. Dogo, maganarka ta tsufa. Tun shekarun 1980 kamfanin Cherry ya fito da suwic ɗin MX. Da wa'adin haƙƙin ƙirar ya ƙare, irin su Gateron da Kailh da Outemu suka cika kasuwa da kwatankwacinsa, har hular madanni ɗaya ce ke shiga dukkansu. Da launi ake bambanta nau'in suwic. Jan Cherry da jan Gateron duk nauyin wajen giram 45 suke so, kuma a milimita 2 suke karɓar dannawa. Ina bambancin da zai sa ka ci wasa ko a cinye ka?

Dogo: Ƙarko, Malam. Na taɓa sayen wani mai arha, ba sai na kama suna ba. Bai yi wata shida ba madannin W ya fara maimaita kansa. Ka danna sau ɗaya, ya rubuta biyu. A cikin wasa mutumina sai ya riƙa tafiya yana tsayawa kamar mai jin tsoro. Haka na jefa shi bayan kabad, fitilunsa masu launi-launi na nan lafiya lau, abin haushi.

Anti: Ƙanena, ai labarinka ba ya goya maka baya. Suwic ɗaya ne ya mutu cikin 87, ka yar da kibod ɗungurungum. Don me? Don an liƙe shi da dalma. Da mai ramukan cirewa ka saya, da ɗan abin zarewar da ke zuwa cikin kwali za ka tumɓuke shi, ka ɗauko na Scroll Lock da ba mai taɓawa, ka dasa a gurbin W. Minti biyu an gama.

Dogo: Anti, mai tsada ai ba ya kai ka ga wannan wahalar.

Anti: Yana kaiwa. Ƙura ba ta san sunan kamfani ba.

Malam: Sai dai a kula, Auta. Wasu masu arhan, ramukansu na ƙafar Outemu ne, wadda ta fi siranta, Gateron ba zai shiga ba sai da tilas. Ka duba an rubuta yana karɓar mai ƙafa 3 da mai ƙafa 5.

Auta: To launi fa? Ni shuɗin nan nake so, mai ƙaras-ƙaras.

Gajere: Wallahi in ka sayi shuɗi ba zan ƙara shiga wasa da kai ba. Duk dannawarka a makirfo za mu ji ta. Ɗauki ja, yana sauka sumul ba tangarɗa. In kana yawan rubutu kuma, ruwan ƙasa.

Dogo: Ni har yanzu ban ji wanda ya yi maganar sauri ba.

Malam: Yawancin kibod masu haɗawa da kebul suna aika saƙo sau 1000 a daƙiƙa, da masu arhan da masu tsadan. Abin dubawa shi ne ya iya karɓar madannai da yawa lokaci guda. Riƙe W da A da Shift, ka buga Space. In mutuminka ya ƙi tsalle, mayar musu da kayansu. Kuma a bar Bluetooth wajen wasan harbi, a sa kebul.

Dogo: To masu suwic ɗin maganaɗisu irin na kamfanin Wooting fa? Kana ɗaga yatsa kaɗan ya saki. Nan ma ba bambanci?

Malam: Nan akwai, na yarda. Amma ka lura ka bar Cherry ɗin da ka fara da shi.

Auta: Yaya Dogo, wancan na bayan kabad ɗin, yana nan?

Dogo: Yana nan. Me za ka yi da shi?

Auta: Abokina na da ƙarfen narka dalma. Suwic ɗaya ne fa.