Asibitin Tredegar: wa ya gina shi, kuma da kuɗin wa ya rayu kafin a kafa NHS?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum jama'a. Ana yawan cewa tsarin kiwon lafiya na Birtaniya, wato NHS, ya samo asali ne daga wani ƙaramin garin mahaƙa kwal a kudancin Wales mai suna Tredegar. Ni tambayata a kan asibitin garin ce. Yaushe aka gina shi, wa ya ba da kuɗin ginin, kuma wa ke biyan likitoci da masu jinya a lokacin da gwamnati ba ta sa hannu ba? Kamfani ne ko leburori? Sannan yana nan har yau? Don Allah masana a fayyace mana da lissafi, kada a tsaya a "ma'aikata sun haɗa kai" kawai.

Malam Tarihi:

Wa alaikumus salam. Ƙanina, abubuwa biyu ne mutane ke cakuɗawa, sai an raba su tukuna. Akwai ƙungiyar taimakon jinya ta ma'aikata, Tredegar Medical Aid Society, akwai kuma asibitin. Ƙungiyar ce ta riga zuwa, a 1890, lokacin da aka haɗe wasu ƙananan ƙungiyoyin taimakon juna na garin. Asibitin kuwa sai Disamba 1904 aka buɗe shi, kuma kwamitinsa daban yake, duk da cewa a taron ƙungiyar aka fara kawo shawarar gina shi a 1901.

Garin kansa masana'anta ce ta haife shi. Wajen 1800 aka kafa ma'aikatar narka ƙarfe a kwarin kogin Sirhowy, jama'a suka yi ta kwarara, aka jera musu gidaje a cunkushe ba ruwa mai tsabta ba magudana. Kwalara ta shiga a 1832, ta dawo a 1849, ta sake dawowa a 1866. Har yau akwai maƙabartar waɗanda ta kashe a Cefn Golau, can kan tudu a bayan gari, domin tsoron cutar ya sa an ƙi binne su kusa da mutane. Daga 1873 kamfanin ya koma Tredegar Iron and Coal Company, kwal ya fara rinjayar ƙarfe. Shi ne mai rami, shi ne mai albashi, kusan shi ne mai garin.

Kafin 1904, wanda rufin rami ya rufto masa abokan aikinsa ne ke ɗauko shi su kai shi gida, likita ya zo ya yi abin da zai iya a kan teburin ɗaki. In abin ya fi ƙarfinsa sai a nufi Newport ko Cardiff, tafiyar mil ashirin ko fiye. Wurin kwanciya ɗaya da ke kusa shi ne gidan gajiyayyu na hukumar Bedwellty, wanda mai sana'a ke ganin shigarsa abin kunya ne.

Ga yadda aka raba nauyin ginin. Lord Tredegar, babban mai filaye a yankin, ya ba da fili a gefen lambun Bedwellty. Kamfani da wasu masu hannu da shuni na yankin suka ɗauki kuɗin gini. Kuɗin tafiyar da shi kullum, abinci da magani da albashin masu jinya da kwal na ɗumama ɗakuna, wannan ma'aikata ne suka ɗauka: sun yarda a riƙa cire musu ɗari, wato rabin kwabo, a albashin kowane mako. A 1909 aka mayar da shi kwabo guda. Irin asibitin da suke kira na ƙauye ne, salon da aka fara a Cranleigh ta Ingila a 1859: gadaje kaɗan, shugabar masu jinya tana kwana a ciki, likitocin gari su ne ke zuwa duba marasa lafiyarsu su yi tiyata. Daga baya aka yi ta ƙara masa ɗakuna.

Akawu:

Malam ya kafa tushe, bari in ƙara da kuɗin, tunda kuɗinsu irin wanda muka yi amfani da shi ne kafin naira ta zo a 1973: kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda, fam ɗaya ke nan kwabo 240.

Kuɗin ƙungiya daban yake da kwabon asibiti. Mahaƙa da ma'aikatan ƙarfe suna biyan kwabo 2 a kowace fam ta albashinsu, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Misali mai ɗaukar fam 2 da sule 10 a mako, kwabo 5 za a cire masa, a shekara ya tashi fam 1 da sule 1 da kwabo 8. Mai ƙaramin albashi ya biya ƙasa da haka, amma likita ɗaya za su gani. Mutanen gari da ba sa aikin kamfani, masu kanti da malaman makaranta da sauransu, su kuɗinsu a yanke yake, sule 18 a shekara.

Abin da ya sa tsarin ya tsaya da ƙafarsa shi ne wurin da ake karɓar kuɗin. A ofishin biyan albashi na kamfani ake zarewa, kafin kuɗin ya taɓa hannun mai shi, akawun kamfani ya miƙa wa sakataren ƙungiya a dunƙule. Dokar 1831 da ta hana biyan lebura da kaya maimakon kuɗi ta bar ƙofar cire kuɗin likita in ma'aikaci ya amince a rubuce. Ba adashi ba ne da uwar adashi za ta bi gida-gida tana jin "sai gobe". Ba mai bin bashi, ba kuɗin masu karɓa, kuma mai lafiya ba ya samun damar zamewa ya bar marasa lafiya kaɗai a ciki, wanda shi ne ke kashe yawancin irin waɗannan asusu.

Cire kuɗin likita a albashi tsohon abu ne a kwarurukan Wales. Rigimar da aka daɗe ana yi ita ce wa zai riƙe kuɗin. In kamfani ne ya zaɓi likita, to ranar da aka zo maganar ko mutum ya warke ya koma rami, ko rauninsa ya kai a biya shi diyya, kowa ya san inda likitan zai karkata. A Tredegar kwamitin da ma'aikata suka zaɓa ne ke ɗaukar likita ya biya shi. Ƙungiyar likitocin Birtaniya, BMA, ta tsani wannan tsari, tana ganin bai kamata lebura ya zama ubangidan likita ba.

Walter Conway ya zama sakatare a 1915, ya riƙe har rasuwarsa a 1933, ofishinsa a lamba 10, The Circle, dandalin da agogon garin yake. A ƙarshen zamaninsa ƙungiyar na kula da kusan kashi 95 cikin ɗari na mutanen garin, da likitoci 5, da likitocin haƙori 2, da masu haɗa magani, da nas. A 1925 ta sayi tsohuwar silima ta Palace ta mayar da ita wurin ganin likita.

Wani zai ce ai tun 1911 akwai inshorar gwamnati ta Lloyd George, ministan kuɗi na lokacin. Akwai: ma'aikaci kwabo 4 a mako, wanda ya ɗauke shi aiki 3, gwamnati 2. Amma shi ma'aikacin kaɗai ta rufe, ba matarsa ba 'ya'yansa, kuma ba ta biyan kwanciya asibiti in ban da jinyar tarin fuka. Wannan giɓin ƙungiyar ta cike.

Sista Mai Jinya:

Sannunku da ƙoƙari Malam da Akawu. Ni ta ɓangaren abin da ake kawowa ƙofar irin wannan asibiti zan yi magana, don shi ke nuna dalilin da ya sa kusanci ya fi girman gini muhimmanci.

Babban mai raunata mahaƙa ba fashewar iskar gas ba ce, ko da yake ita ake ji a labarai, kamar ta Senghenydd a 1913 da ta kashe mahaƙa 439. Na yau da gobe shi ne ruftawar rufi da kuma tarago mai ɗaukar kwal ya matse mutum da bango. Sakamakon: karayar ƙashin baya, karayar ƙugu, karayar cinya, da karayar da ƙashi ke huda fata ya fito. Ƙashin cinya in ya karye mutum na iya zubar da jini lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cikin naman cinyar ba tare da an ga ɗigo a waje ba, kuma kowace girgiza a hanya tana ƙara yaga. Shi ya sa ake ɗaure ƙafa da ƙarfen ɗori tun kafin a ɗaga mutum. Raunin da ya buɗe kuwa ƙurar kwal da kashin dawakan da ke ja a rami sun riga sun shige shi. Penicillin bai samu ba sai a shekarun 1940, don haka aikin shi ne a wanke, a yanke mataccen nama da wuri, a bar ciwon a buɗe ana sauya bandeji. In an yi jinkirin awanni ƙafa ta ruɓe, sai yankewa.

Akwai kuma waɗanda asibitin ba shi da maganinsu. Kumburin gwiwa saboda aiki a durƙushe. Rawar ido saboda shekaru ana aiki da fitila mai dishi-dishi. Mafi muni, ƙurar da ke taruwa a huhu har mutum ya kasa hawa tudun ƙofar gidansa sai ya tsaya ya dafa bango. Ita ce ta kashe David Bevan, mahaifin Aneurin Bevan, ministan lafiyar da ya kafa NHS, a 1925, kuma sai 1943 doka ta amince a biya mahaƙa kwal diyya a kanta da sunanta, bayan binciken da aka yi a kudancin Wales ɗin.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai. To Akawu, in an shiga yajin aiki fa, ko an rufe rami? Daga ina za a cire kwabon?

Akawu:

Nan ne raunin tsarin, babu ɓoye-ɓoye. Ba albashi, ba abin cirewa, kuma daidai lokacin ne yunwa ke ƙara marasa lafiya. A 1926 mahaƙa sun yi wajen wata bakwai ba aiki. Talauci ya kai hukumar agajin gajiyayyu ta Bedwellty ta ci bashi har gwamnati ta tsige mambobinta a 1927 ta naɗa nata mutanen. Shekarun 1930 ma rashin aiki ne ya biyo baya. Asusun da ya dogara da masana'anta ɗaya a gari ɗaya, duk mambobinsa rana ɗaya suke talaucewa, ba wani ɓangare mai ƙarfi da zai ɗauki mai rauni.

Baban Hanifa:

Bari in ɗan saɓa wa masu cewa NHS kwafin Tredegar ce. Alaƙar gaskiya ce: an haifi Bevan a garin a 1897, ya bar makaranta yana da shekara 13, ya yi aiki a ramin Ty Trist, ya shiga kwamitin asibitin a ƙarshen shekarun 1920 har ya shugabance shi, ya zama ɗan majalisa mai wakiltar mazaɓar Ebbw Vale, wadda ta haɗa da Tredegar, a 1929, sannan ministan lafiya a 1945. Ya ga da idonsa cewa ana iya duba mutum ba a tambaye shi kuɗi a bakin ƙofa ba. Amma akwai rahoton Beveridge na 1942 da ya ba da shawarar kafa tsarin kiwon lafiya na ƙasa, akwai tsarin asibitocin gaggawa na lokacin yaƙi da ya sa gwamnati ta fara biyan gadaje da likitoci tun 1939, akwai kuma takardar manufofin kiwon lafiya da gwamnatin haɗaka ta fitar a 1944, duk kafin Bevan ya hau kujerar.

Kuma a wurare biyu ya juya wa tsarin garinsu baya. Na farko, kuɗi: mafi yawan kuɗin NHS daga haraji yake, ba daga kwabon mamba ba, don kada lafiyar gari ta rataya a kan ramin kwal ɗinsa, wato matsalar da Akawu ya bayyana. Na biyu, mulki: ya mayar da asibitoci mallakar ƙasa, har ya kayar da wani babban minista, Herbert Morrison, da ke son a bar su hannun ƙananan hukumomi. Ƙungiyoyin ma'aikata irin ta Tredegar sun nemi a ba su gurbi a sabon tsarin, bai ba su ba. A ganina an samu tabbacin kuɗi, amma an rasa abin da ya fi burge ni a tsohon tsarin, cewa mahaƙi na iya tashi a taro ya kai ƙarar likita gaban kwamitin da shi ya zaɓa.

Malam Tarihi:

Baban Hanifa ya yi daidai. Saura tambayar ƙarshe. Ranar 5 ga Yuli 1948 asibitin ya shiga NHS, ya koma ƙarƙashin hukumar asibitocin Wales, aka riƙa kiransa Tredegar General Hospital. Ƙungiyar ba ta mutu nan take ba, ta ci gaba a ƙanƙance tana taimaka wa sauran mambobinta har tsakiyar shekarun 1990. Ramukan da suka ciyar da ita sun riga ta tafiya, an rufe Ty Trist tun 1959, masana'antar ƙarfe ta Ebbw Vale kuma ta kai 2002.

An rufe asibitin a 2010 da aka buɗe sabo a Ebbw Vale mai suna Ysbyty Aneurin Bevan. Ginin ya yi shekaru a kulle, sannan aka rushe mafi yawansa, aka bar tsakiyar tsohon ginin na 1904 aka gina sabuwar cibiyar lafiya a kewayensa, Bevan Health and Wellbeing Centre, wadda ta fara aiki a 2024. Likitocin unguwa da na haƙori da kantin magani ne a ciki yanzu. Wanda ke buƙatar a kwantar da shi, Ebbw Vale ko wani babban asibitin yankin ake tura shi.