Taron Sallah na unguwa: ina za a yi bana, kuma wa zai dafa me?

Sakatare: Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa, barkanmu da shan ruwa. Sallah ta matso, kwamiti kuma ya ce a kawo maganar taron zumuncin bana nan zaurenmu na waya tun kafin zaman ranar Asabar, don wanda ba zai samu zuwa ba ya faɗi tasa. Muna son shawararku a kan rana da wuri da abinci, da abin da za a yi wa yara. Wanda kuma ya san mai hayar rumfa da kujeru mai cika alkawari ya taimaka mana. Na bara sai bayan la'asar ya iso, dattawa suna tsaye a rana, kujerun ma da yawa karyayyu ne.

Shugaban Matasa: Wa'alaikumus salam. Mu matasa mun tattauna jiya bayan sallar asham. Shawararmu a ɗauki bas biyu a kai yara Gidan Zoo washegarin Sallah. Da yawa a layinmu ba su taɓa ganin namun daji ido da ido ba, sai a waya. Mu za mu kula da su.

Anti Nas: Ƙanina, niyyar ta yi kyau, amma ba washegarin Sallah ba. Duk wanda ya taɓa bin titin Gidan Zoo a kwanakin Sallah ya san irin cunkoson da ake yi, yaro na sakin hannunka shi ke nan sai cigiya. Ga zafin bazara. Mu a asibiti irin wannan lokacin ne muke karɓar yaran da rana ta buga, da masu amai da gudawa saboda ruwan da aka saya a hanya. In za a je a bari mako ya zagayo, a fita da sassafe, kowane babba ya riƙe yara 5 kacal, a kuma rubuta lambar waya a takarda a sa wa kowane yaro a aljihu.

Malamin Firamare: Da za a ji ta tawa, da fitar yaran cikin gari aka yi ta. Na kai 'yan ajina Gidan Makama, har yau suna zancensa. Gidan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma wurin adana kayan tarihi ne, ga shi daf da gidan Sarki. Za su ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan Kano ta da. Daga can Karofin Ƙofar Mata ba nisa. Nan ne abin ya fi burge yarana: marini ya tsoma farin yadi a ruwan baba, ya ɗago shi kore-kore, iska na bugunsa ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonsu. Wata yarinya sai da ta roƙa aka sake tsomawa sau uku. In da sauran ƙarfi a hau Dutsen Dala a nuna musu gari daga sama, a ba su labarin Barbushe. Amma da safe ake hawa, ba rana tsaka ba.

Hajiya Babba: 'Ya'yana ku yi haƙuri in sa baki, jikata ce take rubuta mini. Fitar yara abu ne mai kyau, a yi. Amma ba ita ce taron unguwa ba. Ku tuna abin da ya sa muka fara wannan taro. Dattijon nan da yake haya a ɗakin zaure na gidan ƙarshen layi ya kwanta ciwo kwana 5 babu wanda ya sani. Ɗan garuwa ne ya lura jarkokin da ya ajiye masa a bakin ƙofa tun ranar Litinin suna nan ba a shigar da su ba, ƙura har ta rufe murafen. Shi ya je ya gaya wa Liman. Da aka buɗe ɗakin, kofin shayi ne a gefen katifa ya bushe ƙayau, bawan Allah ko magana ba ya iya yi. Da sauran shan ruwansa a gaba, Allah ya tashi kafaɗunsa. Amma ni ranar na rasa inda zan sa kaina don kunya. Shekara biyu muna layi ɗaya, ko sunansa ban sani ba.

Da muna yara a cikin gari, in sabon maƙwabci ya tare, kafin magariba kwanon tuwo ya shiga gidansa daga gida uku ko huɗu. Yanzu kowa ya ja get ya rufe. To in muka kwashi yara a bas muka tafi, tsofaffi da marasa lafiya da masu takaba da 'yan haya suna nan inda muka bar su. A yi taron a cikin layi, a ƙofar gidajenmu, inda mai dogara sanda zai iya takowa.

Malam Liman: Allah ya saka wa Hajiya da alheri, ya ƙara girma. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai sa shi cikin magada. Ya kuma ce wa Abu Zarri in ya dafa romo ya yawaita ruwansa, ya tuna da maƙwabta. Game da rana kuwa, kwana ukun farko kowa yana yawon Sallah, wasu sun tafi ƙauye, in an yi hawa kuma yara suna can kallon Hawan Daushe da na Nasarawa. Bayan nan jama'a da yawa sun kama Sitta Shawwal. Bara an raba abinci da azahar, mata da yawa suna azumi, sai ƙullewa suka yi a leda suka tafi gida. Ina ganin Asabar ta biyu bayan Sallah. A fara bayan la'asar, a ci abinci bayan magariba, mai azumi ya sha ruwa tare da kowa, a tashi da isha'i.

Shugaban Matasa: Hajiya, mun ji kuma mun karɓa, Allah ya ƙara lafiya. Fitar yara a ware mata rana daban, mu bi shawarar Malamin Firamare ta Gidan Makama.

Sakatare: In ranar ta faɗo Asabar ɗin ƙarshen wata, ku tuna akwai tsaftar muhalli, babu zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Masu sayayya su gama tun Juma'a.

Mai Shagon Kwana: Ko ta faɗo ko ba ta faɗo ba, a yi gayya da safiyar ranar a yashe kwata. Ba ma shimfiɗa wa iyayenmu tabarma kusa da wari ba, ga damina ma na tafe. Maganar sayayya kuma ku bar mini, kullum ina hanya. Shinkafa da mai da sukari a kasuwar Singa za a ɗauko, buhu da katan. Kayan miya a 'Yan Kaba da asuba, lokacin da ake sauke kwanduna, kafin su bi hannu biyu su yi tsada. Kankana da lemo da ayaba a 'Yan Lemo. Gero da wake da gyaɗa Dawanau ta fi sauƙi, amma sai in abin da yawa, in ba haka ba kuɗin mota ya cinye rangwamen. Sannan ina roƙon mu je Ƙofar Wambai mu sayi farantai da kofunan roba namu na kanmu sau ɗaya, a riƙa wankewa ana ajiyewa. Robobin ci-ka-yar ɗin nan su ne nake tsamowa daga kwatar gaban shagona har wata guda bayan taro.

Inna Mai Waina: Ni dai don Allah kada a ba mai kwangilar abinci bana. Bara an kawo dafa-duka a ƙulle, kowa ya ɗauki tasa ya juya baya, babu wanda ya zauna da wani. Kowane gida ya fito da tukunya ɗaya gwargwadon hali, ko da dambu ne, ko ɗanwake, ko fate. In ka ci na gidan wane ka ji daɗi, ai dole ka tambayi wa ya dafa, daga nan gaisuwa ta fara. Ni zan yi waina da miyar taushe. A kawo mini shinkafar tuwo tun ranar Alhamis, don jiƙo da niƙa da kwanan ƙullu ba a yi musu gaggawa. Kuma ina son 'yan mata biyu su zauna kusa da tanda su koya, kada sana'ar ta tafi da mu. Gurasa kuwa a aika Jakara a sayo da zafinta, mu haɗa bandashe a nan da ƙuli-ƙulinmu da man gyaɗa da albasa. Yara suna sonta, tana kuma auki.

Anti Nas: Inna, Allah ya bar mana ke. Abin sha a tsaya a kan zoɓo da kunun tsamiya. Kunun aya yana da daɗi amma ba ya jure wannan zafin, in babu sanyi nan da nan yake lalacewa. A ware zoɓo bokiti ɗaya babu sukari saboda masu ciwon suga. Ni da abokiyar aikina za mu sa tebur a gefe mu auna hawan jini da suga kyauta. Da yawa cikin iyayenmu ba sa zuwa asibiti sai sun faɗi, hawan jini kuma yakan daɗe a jiki bai nuna alama ba.

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum. Ban taɓa magana a zauren nan ba, maganar Hajiya ce ta ba ni ƙarfin gwiwa. Mu 'yan haya ne, bara muna nan aka yi taron. Ina ɗaki ina jin lasifika, yarana suna leƙe ta taga suna kuka a kai su, na hana, don na zaci na masu gida ne da suka biya kuɗi. Sanarwar masallaci maza ne suke ji, ta waya kuma sai wanda aka sa a zaure. Shawarata a bi gida gida a yi sallama a gayyaci mutum da baki. A gidan haya kuma kada a tsaya a ɗakin farko, a ƙwanƙwasa kowace ƙofa. Maƙwabciyata 'yar kudu ce, Kirista, ita ta kai ni asibiti ranar da naƙuda ta kama ni cikin dare maigidan ba ya gari, ta kwana a zaune a benci. Ina so a gayyace ta da sunanta, ba ni ce zan ja ta ba.

Malam Liman: 'Yata, wannan kuskurenmu ne, ki yafe mana. Haƙƙin maƙwabtaka yana kan Musulmi da wanda ba Musulmi ba. A gayyace ta da iyalinta, da duk sauran.

Ma'aji: Tunda an zo nan, maganar kuɗi. Ina ba da shawara a soke ƙayyadadden kuɗin da ake yanka wa kowane gida. Shi ne yake sa wanda ba shi da shi ya ɓuya. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, kuɗi ko mudun shinkafa ko itace ko aikin ƙarfi, kuma kada a kira sunan kowa a lasifika a ce wane ya ba da kaza. Ni zan sa jimillar abin da ya shigo da rasiɗin duk abin da aka saya a nan zaure, kowa ya gani. Wani abu kuma da yake damuna: har yanzu kuɗin jama'a a asusuna suke shiga. Yau lafiya, gobe sai Allah. Bayan Sallah mu nemi rajista da hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, mu buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum biyu ko uku su riƙa sa hannu.

Baban Khalifa: Sakatare, maganar rumfa. Na bikin ƙanwata ya cika alkawari, zan turo maka lambarsa ta gefe. Amma ko wa aka ɗauka, a ba shi rabi, sauran sai ya kafa, kuma ya kafa tun daren Juma'a. A ƙirga kujeru a gabansa lokacin saukewa da lokacin kwashewa. Rumfa biyu ta isa, ta mata da ta maza, yara kuma a ari tabarmin Islamiyya.

Shugaban Matasa: Wasanni mu za mu shirya. Langa da tseren buhu ga maza, carafke da 'yar gala-gala ga 'yan mata, a haƙa gurbin dara a gindin darbejiya saboda dattawa. Ƙwallo tsakanin layuka a buga ta tun ranar Juma'a da yamma, don in aka haɗa ta da taron gardama takan ɓata zama. Tsaro kuma za mu yi magana da 'yan sintiri su tsaya bakin layi ta gabas da ta yamma, saboda masu ƙwacen waya suna bin taro bayan magariba. Ina roƙon Baba Liman da Sakatare su je wajen Mai Unguwa da kansu, shi ya sanar da ofishin 'yan sanda. Za mu bar gefe ɗaya na titi a buɗe ko da mara lafiya zai fita.

Malamin Firamare: A ƙara da kacici-kacici, zan shirya tambayoyin, kyautar kuma littafin rubutu da fensir. Sannan ina da roƙo wajen Hajiya Babba. Bayan magariba a kashe lasifika, a tara yara a tabarma, ki yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Na tambayi 'yan ajina abin da ake amsawa in an ce ga ta nan ga ta nanku, kaɗan ne suka sani. Dattawan da suka fara zama a nan kuma su gaya musu yadda wurin yake lokacin da duk gonakin gero ne, da inda tsohuwar rijiya take.

Hajiya Babba: Zan yi, in Allah ya kai mu da rai da lafiya. Maman 'Yan Biyu, gobe bayan la'asar ki biyo mini mu fara zagayen gayyata tare, ke kin fi ni sanin ɗakunan haya. Gidan ƙarshen layi kuma ku bar mini, ni zan je da ƙafata. Inna, dattijon ba ya cin yaji tun ciwon nan, ki ɗebar masa miyarsa daban kafin ki zuba attaruhu.

Inna Mai Waina: To Hajiya, an gama. A tambayar mini shi ko yana cin kabewa.