An ce kakar mahaifinmu ta yi shekara 120, ta yaya za a tabbatar?

Jikanya: Assalamu alaikum. A danginmu ana cewa kakar mahaifinmu ta yi shekara 120 a duniya, amma babu takardar haihuwa, shekarar rasuwarta kawai aka sani. Muna so mu rubuta tarihinta da salsalar zuri'arta saboda na baya. Daga ina ake farawa, kuma ta yaya ake gane gaskiyar shekarun nan?

Mai Kundi: Wa alaikumus salam. Malama, fara da tsofaffin da suka gan ta da idonsu, kuma kada ki jinkirta. Zauna da kowa shi kaɗai, domin in kika tara su wuri ɗaya bakin babba kowa zai bi. Nemi izini ki naɗi muryarsu a waya.

Kada ki ce musu "shekarunta nawa?" don 120 ɗin za su maimaita miki. Tambaye su abin da za a iya ɗaura wa shekara: lokacin annobar mura ta 1918 tana budurwa ko ta yi aure? Wa take goyo lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945? Ta taɓa ba da labarin tauraruwa mai wutsiya ta 1910?

Sai ki auna da 'ya'yanta, wanda shi ne ma'auni mafi ƙarfi. Mace ba ta cika haihuwa kafin shekara 14 ba, kuma da wuya ta haihu bayan 48. A misali, in an haifi ɗan farinta a 1905, autanta a 1930, to haihuwarta na tsakanin 1882 da 1891. In ta rasu a 1985, shekarunta ba su gaza 94 ba, ba su wuce 103 ba.

Ɗan Alƙalami: Malam ya kawo tushen aikin. Zan ƙara inda lissafi ya fi karkacewa. Shekarar Hijira kwana 354 ce, ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka shekara 100 ta wata daidai take da kusan 97 ta rana. Don juyawa zuwa Miladiyya, ninka shekarar Hijira da 0.97 ki ƙara 622. Kuskuren bai cika wuce shekara ɗaya ba.

Sai matsalar takwara. Kaka da jikar da aka sa wa sunanta sukan narke su zama mutum ɗaya a bakin mutane, haihuwar ta farko da rasuwar ta biyu, sai a sami shekaru 130. In kika ga tazarar uwa da 'ya ta kai 60 a salsala, kusan tabbas an tsallake mutum ɗaya a tsakani. Takardu ma a yi hattara da su: fasfo ko katin shaidar da aka yi wa mutum da tsufansa kintace ne, shi ya sa shekarun kan ƙare da 0 ko 5. Takardar da aka rubuta kusa da lokacin haihuwa ita ta fi nauyi. Mutum ɗaya tak aka tabbatar da takardu ya kai 120, Jeanne Calment ta Faransa, wadda ta rasu a 1997 tana da 122.

Jikanya: Na gode ƙwarai. To in lissafi ya nuna ba ta kai ba, sai in cire 120 ɗin?

Inna Mai Adana: A'a 'yata, bar shi. Rubuta "a bakin dangi, 120", a ƙasa "bisa lissafin 'ya'ya, tsakanin kaza da kaza", kowace magana da sunan wanda ya faɗe ta da ranar da aka ji. Kowane mutum ki ba shi shafinsa: cikakken suna, laƙabi, iyaye, aure, da 'ya'ya a jere bisa uwayensu. Bayan hoto da fensir ake rubutu, tawadar biro tana ratsa takarda. Ɗauki kwafin hotunan a na'ura da ƙarfin 600 dpi (ma'aunin kaifin hoto), ki ajiye a wuri biyu. Manhajar rubuta salsala mai suna Gramps kyauta ce, tana fitar da fayil ɗin GEDCOM da sauran manhajojin salsala ke karantawa. Bayanan masu rai kuwa kada ki ɗora a intanet sai da yardarsu.