Dan Allah ku ba ni shawara: mutum biyar a motar yaƙi ɗaya, yaya zan yi kowa ya samu abin yi?

Mai Jan Labari:
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema kuma da gaske nake, don abin ya tsaya min a rai tun ranar Asabar. Kusan wata bakwai kenan ina ja wa abokaina wasan labari na tebur duk ƙarshen mako, irin tsarin Dungeons & Dragons dai, ni ke jan labarin su biyar kowa da jaruminsa, abin da mutum ya ce zai yi sai ya jefa dayis mai fuska 20 a ga ko ya dace. Duniyar ni na ƙirƙire ta, birane masu ganuwa da matsafa da dodanni, ba fetur ba lantarki. To labari ya kai inda sarkin garinsu ya damƙa musu wata motar yaƙi da muka sa wa suna Kunkuru, jikinta katako ne an lulluɓe da tagulla, igwa ɗaya a sama, abin da ke tura ta kuma wani ifiritu ne da aka kulle a tukunyar ƙarfe a baya, zafinsa ke juya ƙafafun.

Na raba aiki kamar haka, kwamanda, direba, mai harbi, mai ɗura igwa, sai mai kula da tukunya. A takarda abin gwanin sha'awa amma da muka zauna sai ya zama direba ya ce na matsa gaba, mai harbi ya jefa dayis, sauran ukun sun zama 'yan kallo. Wanda na ba ɗura igwa ƙanin matata ne, duk zagayen da ya zo kansa sai ya ce "na ɗura", sau shida yana maimaita kalmar nan, a na bakwai na ga ya kife takardar jaruminsa ya jawo waya. Da za a tashi ya ce min Yaya in mako mai zuwa ma a cikin Kunkuru za a yi to ku yi kawai. Wallahi maganar ta taɓa ni don yaron nan ya fi kowa zumuɗin wasan, shi ya zana mana taswirar ƙasar da hannunsa a kwali. Ba na son jefar da motar kuma ba na son rasa shi. Me kuke gani?

Ɗalibar Tarihi:
Wa alaikumus salam Malam. Rabon da ka yi ai kusan na tankar Sherman ta Amurka ne a yaƙin duniya na biyu, ita ma mutum biyar ne, kwamanda, mai harbi, mai ɗuri, direba da mataimakinsa mai riƙe da ƙaramar bindiga a gaba. Matsalar ita ce ka ɗauko tanka wadda an riga an gyara mata zama, kowa ya san kujerarsa. Koma baya kaɗan ka duba Mark I ta Ingila da aka fara fitarwa a watan Satumba 1916 a fagen Somme na Faransa, ita ce ta dace da duniyarka. Mutum takwas ne a ciki kuma huɗu daga cikinsu aikin tuƙi suke yi, direba yana gaba, kwamanda yana riƙe da birki, mutum biyu a baya kowa da giyar ɓangare ɗaya na sarƙar da tankar ke tafiya a kai. Injin yana tsakiyarsu ba bango ba komai, zafi yakan kai digiri 50, hayaƙi yana sumar da mutane, ƙara kuma ba mai jin maganar wani, sai direba ya ƙwanƙwasa ƙarfe da sifana ya jawo hankalinsu sannan ya yi musu alama da hannu. Ka ga a irin wannan motar juyawa hagu kaɗai ma labari ne, mutum ɗaya ya yi kuskure sai kowa ya ji a jikinsa.

Tsohon Direba:
Ɗana, ni ban san wasanku sosai ba, jikana ne ya sa ni a zauren nan, amma na yi shekaru ina jan babbar mota kuma kafin na hau sitiyari sai da na yi yaron mota. Wanda bai sani ba yana zaton yaron mota zaman banza yake yi. In mun zo hawan tudu da kaya shi zai dira da weji a hannu yana bin taya a guje, in motar ta ja baya ya cusa, in ya makara da ƙiftawar ido an yi asara. Shi ke shiga ƙarƙashi in abu ya tsinke, shi ke taɓa taya ya ji ko ta yi zafi, shi ke tsayawa a baya yana bubbuga bodi in zan yi ribas don ni ba na ganin komai a can. To ƙanin matarka kada ka ce masa mai ɗuri, ka mai da shi yaron motar Kunkuru. Duk sanda ƙafa ta maƙale a laka ko wuta ta kama tagullar baya shi zai buɗe ƙofa ya fita kibau suna zuba. Ka gwada ka gani in zai ƙara taɓa waya.

Mai Jan Labari:
Baba Allah ya ƙara girma, wallahi wannan hoton na weji ya shige ni. Anti ke ma na gode, amma in na raba tuƙi tsakanin mutum uku ba zai sa zagaye ɗaya ya ci minti ashirin ba? Dama yaƙinmu yana jan lokaci.

Bakanike:
Zai ci in ka ce kowa ya jefa dayis a kan abu ɗaya. Ni yadda nake yi wa nawa 'yan wasan, ba yawan jefa dayis ke sa mutum ya ji yana ciki ba, zaɓi ne, duk zagaye ya zama akwai abu biyu ko uku da yake so ya yi amma ɗaya kaɗai zai iya. Ɗauki tukunyar ifiritun nan naka, ka ajiye wake ko duwatsu a faranti tsakiyar tebur a matsayin zafi. Mai tukunya shi ke yanke nawa zai matso daga ifiritun a zagayen, sai ya raba, in ya ba direba uku a yi gudu to mai harbi ɗaya zai samu ba zai iya juya igwa da sauri ba. In ya matso da yawa kuma tukunya ta fara tsagewa ifiritun ya fara magana da shi, kai mai labari sai ka ari muryarsa ka riƙa yi masa tayi a kunne, buɗe min kaɗan in ƙone maka su duka. Nan take mai tukunya ya zama wanda kowa ke kallon fuskarsa.

Mai ɗuri kuma ka ba shi harsashi kala-kala masu ƙidaya, dunƙulen ƙarfe na fasa ganuwa, tsakuwa ta watsa mahaya, tulun hayaƙi na ɓuya, guda goma sha biyu kacal a akwati kuma shi ke riƙe da lissafin. Kuma dole ya ɗura kafin ya san me zai fito daga bayan dutse. In ya ɗura na ganuwa sai dawaki suka ɓullo, ko ya cire ya ɓata zagaye ko a harba a haka.

Ɗalibar Tarihi:
Maganar tukunya ta tuna min giwayen yaƙi. A yaƙin Metaurus shekara ta 207 kafin haihuwar Annabi Isa, masu jan giwayen Hasdrubal, kwamandan rundunar Kartaj, suna ɗauke da kurfi da guduma, in giwa ta haukace ta juyo kan rundunarsu mahayinta da kansa zai kafa mata a bayan wuya ya kashe ta. Ka ba mai tukunya irin wannan, hanya ɗaya ta kashe ifiritun gaba ɗaya, kowa ya san tana hannunsa kuma in ya yi amfani da ita Kunkuru ta mutu a inda take.

Sannan Malam kada ka raina mai ɗuri ko a zahiri. T-72 ta Rasha na'ura ke ɗura mata shi ya sa mutum uku ne a ciki, Abrams ta Amurka kuwa har yau huɗu ne da mai ɗuri, kuma daga cikin hujjojin masu goyon bayan hakan akwai cewa ƙarin hannu ne wajen gyaran sarƙa da gadi da dare, daidai abin da Baba ya faɗa.

Yayan Zaure:
Ni fa ina da ja kaɗan. Duk kun taru a kan mai ɗuri, amma wanda zai kashe maka wasa kwamanda ne. Na taɓa zama a tebur da aka yi irin wannan, wanda aka ba kwamanda dama mai baki ne, sai ya zama shi ke faɗa wa kowa abin da zai yi, mu huɗu muka koma hannayensa kawai. Ba laifinsa ba ne, kujerar ce ta ba shi. Maganin da na gani ya yi aiki shi ne a raba gani. Direba ta 'yar tsaga yake leƙe, abin da ke gabansa kaɗai za ka faɗa masa, mai harbi abin da igwa ke kallo, mai tukunya ba ya ganin waje sam. Kwamanda kaɗai ke ganin fili duka kuma sai ya fito da kai ta sama inda kibiya za ta same shi, in ya sauko ya rufe to shi ma makaho ne. Kuma ka ƙayyade masa magana, kalma biyar duk zagaye saboda ƙarar tukunya, sauran kowa ya yi da hankalinsa. Ka rubuta wa kowa abin da ya gani a 'yar takarda ka miƙa masa, kada ka faɗa a fili.

Kuma kada ka bar su a cikin motar daga farkon zama har ƙarshe. Jarumansu suna da takubba da sihirin da suka yi wata bakwai suna tarawa, in ka kulle su a akwati ka ƙwace musu duk wannan. Ka sa gada ta karye, ka sa ƙofar gari ta yi wa Kunkuru kaɗan, su sauka.

Ɗalibar Tarihi:
Yaya ya yi gaskiya a kan kwamanda, kuma kada a haɗa masa da harbi don a rage mutane. Tankar T-34 ta Rasha ta farko haka take, kwamanda shi ke saita igwa, in ya sa ido a madubin harbi ba mai duba fili, sai a 1944 da aka fito da T-34-85 aka faɗaɗa hasumiyar da igwa ke ciki ta ɗauki mutum uku aka raba aikin. Batun ƙayyade magana kuma, a Renault FT ta Faransa mai mutum biyu kwamanda da ƙafa yake taɓa direba a kafaɗa ko baya ya nuna masa inda zai bi. In 'yan wasanka sun saba da juna ka bar su su ƙirƙiro alamominsu na ƙwanƙwasa tebur, za su ji daɗinsa.

Mai Jan Labari:
Kai jama'a Allah ya saka da alheri, na cika shafi biyu. Ga abin da na tsayar, farantin wake na zafi yana nan, harsashi goma sha biyu kala uku, kwamanda kalma biyar in yana ciki, tuƙi kuma zan bar wa direba shi kaɗai sai dai in za a yi juyi mai tsanani yaron mota ya riƙe birkin gefe ɗaya. Na kira ƙanin nawa ɗazu na karanta masa maganar Baba, ya yi shiru sannan ya ce to wejin da me aka yi shi, na ce kai za ka faɗa, ya ce ƙashin muƙamuƙin dodon da suka kashe a wata na uku, kuma zai zana cikin motar kafin Asabar. Zaman zai fara ne a mashigin kogi da ƙafar hagu ta nutse a laka mahaya suna gangarowa daga tudu. Bakanike saura abu ɗaya, wake nawa tukunyar za ta ɗauka kafin ifiritun ya fara magana?

Bakanike:
Fara da shida. In ka ga mai tukunya ba ya kusantar wurin ka rage zuwa biyar a zama na gaba, amma kada ka faɗa masa adadin, ka bar shi ya ji muryar tukuna.